Haddar Tsofaffin Tambayoyi Ba Ta Jinyar Zuciya

Duk lokacin da jarrabawar ƙarshe ta masu koyon aikin jinya ta gabato, akwai wata haja da kasuwarta ke buɗewa a birnin Sakkwato, watau tsofaffin tambayoyi. A da takardu ne ake gurzawa a shagunan kwafi, a ɗinke su, a riƙa miƙa wa juna har su yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi. Yanzu kuwa sun koma cikin wayar hannu, dubbai a jere, kowace da amsarta a ƙarƙashi. Ɗalibi yakan raba dare yana bin su ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga da ya hango farkon tambaya ya san harafin amsarta, ko bai karanta sauran ba. Idan aka tambayi ɗaliban wane fanni ne ya fi ba su tsoro, da wuya a rasa masu cewa fannin zuciya da hanyoyin jini.

Ita wannan jarrabawa ba ta makaranta ba ce. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ce ke shirya ta, kuma ita kaɗai ke da ikon sa sunan mutum cikin rajista ta ba shi lasisin aiki. Asalin Majalisar hukumomi biyu ne, ta ungozoma wadda dokarta ta fito a 1930, da ta ma'aikatan jinya ta 1947, sa'an nan dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su wuri guda. Saboda haka ko ɗalibi ya fito daga Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Jihar Sakkwato, ko daga makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko kuwa digiri ya yi a ita kanta jami'ar, ƙofa ɗaya zai bi da takwaransa na Legas ko na Inugu. Akwai ɓangaren tambayoyi da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma ɓangaren aiki, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi, a kowace tasha ya nuna wani aiki da hannunsa cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa na tsaye yana lura.

Ba laifi ba ne mutum ya duba tambayoyin baya domin ya san salon masu tambaya. Laifin shi ne a mayar da su su ne karatun. A fannin zuciya musamman, wannan hanya asara ce biyu: ba ta da tabbas a ɗakin jarrabawa, a ɗakin majinyata kuwa tana da haɗari. Mai shirya tambaya yana iya sauya kalma ɗaya, ya ce ɓangaren dama maimakon na hagu, amsar ta juye gaba ɗaya, mai hadda bai ankara ba. Majinyaci kuma ba ya zuwa asibiti da amsoshi huɗu rubuce a goshinsa.

Abin mamaki, fannin da ake jin tsoron nan yana cikin waɗanda suka fi sauƙin ganewa da hankali, domin zuciya famfo ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a fadamar gulbin Rima ya riga ya san rabin labarin. A gaskiya ma famfo biyu ne manne da juna. Na dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Na hagu yana karɓo shi daga huhu ya watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Ibnu Nafis, likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya, sai ya bi ta huhu. William Harvey na Ingila kuma, a littafinsa na 1628, da lissafi ya kafa hujja: ya ƙiyasta jinin da zuciya ke fitarwa a bugu ɗaya, ya ninka, ya ga abin da take turawa cikin rabin sa'a ya fi dukan jinin da ke jikin mutum, don haka tilas jinin nan ɗaya ne ke kewayawa yana dawowa. Ɗan aji huɗu na sakandare zai iya maimaita lissafin. Zuciyar baligi a zaune tana fitar da kimanin mililita 70 a kowane bugu. Idan ta buga sau 72 a minti, an sami lita 5 ke nan. A yini da kwana lita 7,200, watau jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 288, daga tsokar da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba.

To, idan injin ban-ruwa ya raunana, abu biyu ke faruwa: gonar da ke gaba ba ta samun ruwa, ruwa kuma ya taru a baya. Haka gazawar zuciya take. Idan famfon hagu ya gaza, bayansa huhu ne, sai ruwa ya tsattsafo cikin huhu, mutum ya kama haki da tari, ya kasa kwanciya rigingine, ya riƙa farkawa cikin dare yana neman iska. Idan na dama ne, bayansa jiki ne, sai ƙafafu su kumbura, hanta ta yi girma, jijiyoyin wuya su miƙe, ciki ya tara ruwa. A gaba kuwa, ƙoda ta ga jini ya ragu, ta ɗauka jiki ne ke ƙarancin ruwa, sai ta riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa raunanan famfo kaya. Ɗalibin da ya riƙe wannan hoto a kansa ba ya bukatar haddace jerin alamomi ashirin, domin yana iya fito da su da kansa. Ya kuma san dalilin kowane aikin da aka koya masa. Ana zaunar da mai haki a jingine shi da matasai ne saboda kwanciya na maido da jinin ƙafafu zuwa ƙirji. Ana auna nauyinsa kowace safiya, a ma'auni ɗaya, kafin ya ci kome, saboda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma wanda ya ƙara kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ya yi ba, ruwa ya tara. Ana auna abin da ya sha da fitsarin da ya yi saboda fitsari shi ne labarin da ƙoda ke bayarwa game da zuciya.

A nan ne kuma ma'aikacin jinya ke karo da wata al'ada ta 'yan zamani. Jama'a da yawa sun ɗauka ƙarin ruwa maganin kowace cuta ne, har dangi su ga kamar an wulaƙanta ɗan'uwansu idan ba a rataya masa leda ba. Ga mai gudawa ko mai zubar jini, ƙarin ruwa ceto ne. Ga wanda zuciyarsa ta gaza kuwa, ledar da aka saki tana zuba yadda ta ga dama tana iya nutsar da huhunsa yana kan gado. Idan likita ya rubuta mililita 500 cikin sa'a 8, kuma robar tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo 10,000 ne za a raba wa minti 480, watau kimanin ɗigo 21 a minti. Wannan lissafin rabawa ne na firamare. Amma wanda ya haddace "21" bai san inda ta fito ba, ranar da aka ce sa'a 6 sai ido ya raina fata.

Misalin da ya fi nuna bambancin hadda da fahimta shi ne na maganin digoksin, wanda asalinsa ganyen wani tsiro ne da likita William Withering ya yi bayaninsa a 1785. Kusan kowane ɗalibi ya san ƙa'idar: a ƙirga bugun zuciya minti guda cur kafin a ba da shi, idan bai kai 60 ba ga baligi a dakata a sanar da likita. Madalla. Amma a ɗauka ga wani dattijo da ke shan digoksin tare da furosemayid, maganin nan mai sa fitsari, ya wayi gari da tashin zuciya da amai, ya ƙi abinci, yana cewa yana ganin kome rawaya-rawaya. Mai hadda zai ce zazzaɓi ne ko ɓacin ciki, ya miƙa masa ƙwayarsa ta safe. Wanda ya fahimta kuwa zai tuna cewa maganin fitsari yana zubar da sinadarin fotasiyam, kuma idan fotasiyam ya yi ƙasa, digoksin ɗin da jiya yake magani yau ya zama guba, ko da ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Tsakanin waɗannan ma'aikata biyu akwai ran mutum. A watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi ma yana ta nasa aikin, sai hattara ta ƙaru.

Akwai wata matsalar kuma da ba a cika lura da ita ba. Yawancin tambayoyin da ke yawo a wayoyi an shirya su ne domin jarrabawar Amurka ko ta Ingila, inda mai ciwon zuciya galibi tsoho ne wanda jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyarsa suka toshe. Wannan cuta akwai ta a nan, tana kuma ƙaruwa, dole a san ta. Amma wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi majinyata fiye da 1,000 masu gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka, har da Nijeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, hawan jini ne sanadi ga kusan rabinsu, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Akwai kuma yara da matasa waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa maganin fenisilin ba ya bi baya ya lalata musu marufan zuciya. Ɗalibin da zai yi aiki a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko a ƙaramin asibiti a Illela ko Gwadabawa, waɗannan ne zai tarar a kan gado.

Sai kuma babbarsu a wannan yanki, gazawar zuciyar mai jego. Littattafan waje sukan ba ta 'yan layuka, don a Amurka mace ɗaya ce cikin dubu ko dubbai ke gamuwa da ita. A ƙasar Hausa labarin daban ne. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 a Zariya suka buga sakamakonsu a 1978, suka nuna cutar na kama kimanin mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. A nan Sakkwato, Isezuo da Abubakar na Asibitin Koyarwa sun ba da rahoto a 2007 cewa ɗaya ce cikin haihuwa 102 a asibitin. Da wuya a sami inda ya kai haka a duniya. Mace ce za ta haihu lafiya, a yi suna, bayan 'yan makonni ko watanni ta fara haki idan ta ɗebo ruwa, tari ya hana ta barci, ƙafa da fuska su kumbura. 'Yan gida su ce ai jego ne, zai wuce. Sau da yawa mutumin farko mai ilmin asibiti da zai ɗora ido a kanta ba likita ba ne, ma'aikaciyar jinya ce ko ungozoma a ranar da aka kawo jariri rigakafi. Idan ta san abin da take kallo, ta ƙirga numfashi da bugun jini, ta danna ƙafa ta ga yatsa ya bar rami, ta tura ta babban asibiti a ranar, an sami damar ceto uwa, da ma jaririn da ke dogare da nononta.

Tarihin binciken wannan cuta ma darasi ne ga mai son hadda. Masu binciken Zariya sun ɗora alhakin a kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu mai ma'ana ce, domin kanwa, duk da Turawa sun laƙaba mata sunan fotash, sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, watau ɗan'uwan gishiri wajen riƙe ruwa a jiki. Shekara da shekaru wannan ita ce amsar da ake koyarwa. Amma a 1992 wasu likitoci da suka yi aiki a Jamhuriyar Nijar suka gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke da cutar. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata fiye da 400 daga asibitoci da dama na Nijeriya, kuma a rahotonsu na 2020 ba su ga wankan jego da kunun kanwa sun rarrabe masu cutar da marasa ita ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatun boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jini na lokacin ciki. Watau talauci da rashin abinci mai gina jiki sun fi tukunyar wanka laifi. Wannan ba ya nufin a ci gaba da ɗura wa mai raunin zuciya kanwa, domin wadda famfonta ya riga ya gaza, duk wani gishiri kaya ne a kanta. Amma ma'aikaciyar da ta san inda ilmi ya kwana ba za ta tsaya tana yi wa uwar mai jego faɗa a kan al'ada ba, ta manta da tambayar abin da 'yar ke ci.

Wani abin da babu shi ko kaɗan a tsofaffin tambayoyi shi ne harshe. Da Turanci ake karatu, da shi ake jarrabawa, amma da Hausa ake jinya, sau da yawa ma da Sakkwatanci, ko da Fulatanci ko Zabarmanci. Kalmar zuciya kuwa a bakin Bahaushe faɗi gare ta. Wanda ya ce zuciyarsa na tashi, amai yake ji. Wanda ya ce yana da ciwon zuciya, wataƙila baƙin ciki ne ya dame shi, wataƙila ƙwarnafi ne ke ƙona masa ƙirji. Wadda ta ce gabanta na faɗuwa, ko tsoro ne, ko kuwa bugun zuciyarta ne ya rikice. Shi kuma mai ainihin gazawar zuciya ba lalle ya ambaci zuciya ba sam, sai dai ya ce yana haki, ko takalmi ya daina shigarsa, ko kwana uku a zaune yake barci. Haka nan faɗa wa mai hawan jini "a rage gishiri" bai wadatar ba, sai an ambaci dunƙulen ɗanɗano na miya, da yajin tsire, da kanwa, an kuma gaya masa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, ƙasa da giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Sai an ja masa kunne a kan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a kemis ba da takarda ba, masu sa jiki riƙe ruwa. Sai an fahimtar da shi cewa hawan jini ba ya warkewa don ciwon kai ya tafi, kada ya ajiye magani ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ɗalibin da ke son gwada kansa, ya zauna da ƙanensa ko kakarsa ya bayyana musu gazawar zuciya da Hausa tsantsa. Duk inda ya kakare ya koma Turanci, nan ne bai gane ba.

Masu kare hadda suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa lokaci kaɗan ne, darussa da yawa, faɗuwa kuma tsada gare ta, ga kuɗin sake rajista ga watannin jira, ga iyayen da suka sayar da hatsi ko dabba suka biya makaranta. Suna cewa a wurare da dama ɗalibai sun yi wa malamai da kayan gwaji yawa, har mutum ya gama zangon karatu bai taɓa mutum-mutumin koyon farfaɗo da zuciya ba sai sau ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma gyaransa na hukumomi ne, ba na ɗalibi ba. Gaskiya ne kuma akwai abubuwan da sai an haddace su: bugun zuciyar baligi 60 zuwa 100 a minti, hawan jini daga 140 bisa 90, danna ƙirji sau 30 a hura iska sau 2, a danna sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, babu lokacin tunani. Al'ummar da ta saba da hadda tun daga makarantar allo ba za ta sha wahalar waɗannan ba. Amma lambobin da ke bukatar hadda ba su cika shafi biyu ba. Sauran duka dalili ne, kuma dalili ya fi hadda arha: tambayoyi ɗari a kan gazawar zuciya, hoton famfo ɗaya ne ke amsa su. Mai ƙarancin lokaci shi ya fi kowa bukatar gajeriyar hanya.

Tashoshin aiki kuwa ba su da wata dabara sai maimaici. Awon jini da Riva-Rocci ya ƙirƙiro ɗamararsa a 1896, Korotkoff kuma ya ƙara masa sauraren sauti a 1905, aiki ne na hannu da kunne: majinyaci ya huta minti 5, ya jingina baya, hannu daidai da ƙirji, ɗamara daidai da kaurin damtse, don ƙaramar ɗamara a babban damtse tana ƙara lamba ta mayar da mai lafiya majinyaci. Wanda ya auna mutum 200 a ɗakin majinyata hannunsa ba zai yi rawa gaban mai jarrabawa ba. Wanda ya yi ta zillewa aikin asibiti don ya sami lokacin bin tambayoyi a waya, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Duk wannan ya shafi 'yan sakandare kai tsaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar jinya ba ta karɓar ɗalibi sai da kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, kuma ba ado ba ne ya sa aka zaɓi waɗannan. Matsin ruwa cikin bututu da ake koya a Fizik shi ne hawan jini. Sodiyam da fotasiyam na Kemistiri su ne na kanwa da na digoksin. Ɗabi'ar hadda ma a nan take tsiro, ranar da aka zana zuciya a allo da kibiyoyi aka ce a kwafa a haddace sunaye. Alhali Sakkwato garin dabbobi ne. Malamin Bayoloji na iya aika ɗalibi mahauta da sassafe ya sayo zuciyar rago da kuɗi kaɗan, a bayan Babbar Salla ma kyauta zai samu. A tsaga ta a gaban aji, kowa ya sa yatsa ya bi hanyoyin, a zuba ruwa ta sama a ga marufai sun rufe. Sa'an nan a ɗora bangon ɗakin ƙasa na hagu kusa da na dama, a ga na hagu ya ninka ɗan'uwansa kauri wajen sau uku. Kada malam ya faɗi dalili. Ya bar su su yi ta gardama har wani ya tuna cewa huhu maƙwabcin zuciya ne, yatsan ƙafa kuwa tafiya ce mai nisa.